Azumin Farar Banyo

Kwanakin baya wasu samari suka tsaya a bakin lambuna, nan gefen titin da ya gangara gadar Binuwai. Ɗayansu ya miƙo mini waya, bakinsa har kunne.

"Kawu Sule, duba nan. Baturiya ce. Ta tura albasar a ƙasa, ta zuba ruwa, kafin ka ƙifta ido ga fure. Ashe abin da kake ta yi mana yanga da shi ke nan? Koya mana, mu ma mu buɗe namu."

Na ce masa ya tambayi Baturiyar ko za ta aiko masa da ƙasar cikin wayar, da ranar cikin wayar. Mu a Garwa tamu ranar daban ce. A nan ne na taɓa ganin ƙadangare ya zo tsallaka kwalta da azahar, ya kai tsakiya, ya juyo ya nemi aron takalmi. Suka yi dariya suka tafi. To, da yake ba su zauna sun ji sauran ba, bari in rubuta musu, da duk mai ganin sana'ar lis, furen nan da ke fitowa daga saiwa mai kama da albasa, tura albasa ce kawai a ƙasa.

Aikin farko da Baba Tanko ya sa ni, ɗaga tukwane. Baba Tanko shi ne maigidana, shi ya kafa wannan lambu tun gefen titin nan duk jeji ne. Kakanninsa fatake ne daga Katsina, 'yan uwansa kaf suna kasuwa da atamfa, shi kaɗai ya bar awon yadi ya koma wasa da ƙasa. Ranar da na zo, na zaci zai miƙo mini arozuwar, bokitin ban ruwan nan mai dogon hanci. Sai ya nuna mini layin tukwane ya ce in ɗaga kowacce in ajiye, in gaya masa wacce ke jin ƙishi. Na ce ai da ido ake gani. Ya ce, "Ido maƙaryaci ne, Sule. Saman ƙasa na iya bushewa ƙamas, ƙasan yana caɓi. Hannu ne ba ya ƙarya." Na yi ta ɗagawa har damina ta wuce. Damatsana suka kumbura, har 'yan kokawa suka fara gaishe ni da ladabi. Amma daga ƙarshe hannuna ya koya. Yau ko a rufe mini ido, in na ɗaga tukunya na san rabonta da ruwa.

Daga nan sai haɗin ƙasa. Yashin Binuwai mai tsakuwa, a tankaɗe shi da rariya. Takin shanu wanda ya shekara a jibge har ya daina wari, don sabo ƙone albasar yake yi. Ɓawon gyaɗa, da garin gawayi. A huda gindin tukunya, a kifa tsingaro a kan hudar don ruwa ya fita ƙasa ta zauna. Albasar kuma ba a binne ta gaba ɗaya. A bar wuyanta a waje, kamar mai wanka a kogi. Kayan aikinmu ba su da yawa: 'yar fartanya, wuƙa, rariya, toka a gwangwani, da baro. Fartanyar Baba tana nan a hannuna. An sake mata ƙota ban san iyaka ba, bakinta ya cinye har ya koma kamar cokali, amma tana shiga tsakanin uwa da 'ya ba ta yi wa kowa rauni ba. Don albasar lis tana haihuwa a gefenta, kuma in 'ya'yan suka yi yawa sai a raba su. Mu yaye muke ce wa wannan. A yanke, a shafa toka a wurin yankan, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a dasa.

Akwai wani gida a unguwar Plato, nan Garwa, da na yi wa layin fure a bakin katanga, na wata madam ma'aikaciyar gwamnati. Ta dawo daga Faransa da albasar lis ta can a cikin akwati, irin mai tsayin nan ta cikin hotuna. Na ce, "Madam, wannan ba za ta zauna a Garwa ba." Ta ce in dasa. Na dasa. Katangar siminti ce, tana fuskantar yamma, da la'asar in ka jingina za ka bar fatarka a jiki. Kafin sati ya zagayo albasar ta nuna lugub, gishiri da yaji kawai ya rage. Madam ta dubi ramin ta ce, "Sule, to me ke zama?" Sai na ja layin baya daga katangar kamar taku guda, na sa masu tsayi a baya, jajayen nan masu faɗin baki a tsakiya, ƙananan masu ruwan hoda a gaba, waɗanda ke fitowa kwatsam bayan ruwan sama. Lis ɗinmu na ƙasar zafi ke nan, dangin albasar kwaɗi da kuke gani a fadama. Har yau layin yana nan, madam ta yi ritaya tana shan shayi a gabansa.

Masu saye iri-iri ne. Akwai alhajin da zai zo tsakiyar rani ya ce yana son fure ranar Juma'a, kamar tela yake wa magana. Akwai mai otel da ke so ganye ya yi ta sheƙi shekara duka. Amma duk cikarsu cuta ɗaya ke damunsu: tausayi. Mutumin Garwa ba ya iya ganin abu a bushe ya wuce. Ita kuwa lis, in damina ta ɗauke, ganyenta ya yi rawaya ya kwanta, barci take so. A janye ruwa, a kai tukunyar inuwa, a rufa mata busasshiyar ciyawa, a manta da ita. Baba Tanko cewa yake yi, "Azumi take. Ruwan farko na damina shi ne buɗa-bakinta. In ka ba ta kafin nan, ko ta ba ka ganye ba fure, ko ta ruɓe." Rabin sana'ar nan ban ruwa ne. Ɗaya rabin, mai wuyar, hana ruwa ne, kana riƙe da arozuwar a hannu.

Saboda wannan cuta ta tausayi ne Baba ba ya sayar da Farar Banyo. Ita ce sarauniyar lambun. Fara fat, maƙogwaronta kore-kore, ƙamshinta da la'asar sakaliya har masu wucewa a moto, wato babur, suna rage gudu. Tun yana saurayi ya samo ta a garin Banyo, can kan tsaunuka, a kangon wani tsohon gida, ya ɗauko ta a bayan kamyon, babbar motar ɗaukar shanu. A can sanyi ta saba. Shekara da shekaru yana zaɓen wadda ta jure zafin nan, yana yaye 'ya'yanta, yana zubar da raggwaye, har ta zama 'yar gari. Babu irinta a wurin kowa. In ta yi fure sai ya ba da aron tukwanen ga otel-otel da gidajen biki, in ta kwanta ya aika in kwaso su duka su yi azuminsu a gida.

Mutum ɗaya ne ya taɓa raba shi da ita. Wani manomin auduga daga wajen Ngong, Bappa Sali. Ya zo ya ce gadali yake nema na kan iyakar gona. Kun san mutanenmu na ƙauye: suna dasa irin wannan albasa a kusurwar gona, ta nuna iyaka, kuma a ganinsu tana tsare amfanin daga ɓarawo da mugun ido. Baba ya ce, "Ni fure nake sayarwa, ba tsari ba." Bappa Sali ya shimfiɗa buzunsa a gaban Farar Banyo ya zauna. Azahar yana nan. La'asar yana nan. Har ya fara taya mu korar awaki. Daga ƙarshe Baba ya ce, "To, da rani wa zai riƙa ba ta ruwa?" Bappa Sali ya ƙyalƙyale da dariya. "Ruwa? Mu da na sha ma sai jaki ya je ya dawo?" Baba ya tashi ya yaye masa 'yan ƙwarori ya ƙunsa a ganye. An daɗe da yin wannan, har na manta.

Sai shekarar da azumin Ramadan ya faɗo tsakiyar zafin bazara.

A shekarar yanar ido ta rufe wa Baba gani, inuwa kawai yake gani. Yana zama a gaba, bakin titi, yana sayar da dashen mangwaro da lemo. Ni kuma na sami aikin wani sabon otel, ina fita da sassafe, sai magariba. Tukwanen Farar Banyo suna can baya ƙarƙashin rumfar zana, kusa da dalbejiya, a rufe da ciyawa. Ana gyaran titi, aka tashi 'yan moto daga inda suke tsayawa, suka dawo bayan lambunmu. Shugabansu Hamadu, wani dogon Bafulatani mai yawan fara'a, ya zo ya roƙi Baba su riƙa salla a gindin dalbejiyar. Wa zai hana? Baba ya ce bismilla.

Ana saura kwana kaɗan Salla, na dawo da wuri don in jera tukwanen a waje, hadari ya fara nuna kansa ta gabas. Na sunkuya na ɗaga ta farko da hannu ɗaya, yadda na saba, don a wannan lokaci sakayau take. Ta ƙi tasowa. Na ɗaga ta biyu. Nauyi. Na yaye ciyawar, wari ya doke ni. Na tura yatsa, ya nutse a wuyan albasar kamar a cikin tuwo.

Ina tsugune sai ga Hamadu da buta, leɓɓansa sun bushe sun tsage saboda azumi. Ya zauna a bakin rumfar, ya miƙa hannuwansa saitin wata tukunya ya fara alwala a kanta. Ya gan ni, ya washe baki.

"Kawu Sule! Ka ga mun taya ku aiki? Tun farkon azumi. Muka ga bayin Allah a bushe, ku ba ku da lokaci. Na ce wa yara kada wanda ya ƙara zubar da ruwan alwala a ƙasa, kowa ya zaɓi tukunyarsa. Ni wannan ce tawa. Har sauran butar nake juye mata."

Mutum nawa, salla nawa a yini, a cikin wancan zafin. Na miƙe. Na je na kamo hannun Baba na kawo shi. Ya durƙusa, ya laluba, ya ɗaga tukunya ɗaya da hannu biyu, ya ajiye. Ya ɗaga ta gaba. Haka ya bi layin har ƙarshe bai tsallake ko ɗaya ba. 'Yan moto suka taru suna kallo.

Hamadu ya ce, "Baba, lafiya?"

Baba ya share hannunsa a riga. "Kai kana azumi, ɗana?"

"Ina yi, Baba."

"Da wani ya ga leɓenka ya tausaya ya ɗura maka ruwa da rana tsaka fa?"

"Ai ya karya mini."

"To ita ma azuminta take yi." Ya miƙe da ƙyar. "Allah ya ba ku ladan niyyarku. Ku je ku yi sallarku, lokaci na wucewa."

Muka zazzage tukwanen kaf. Na yanke ruɓa, na shafa toka, na shanya. A banza. Ruɓar ta ci gindin da saiwa ke fita, kuma albasar da gindinta ya tafi ta tafi. Jajaye da masu ruwan hoda ana samunsu ko'ina. Farar Banyo kuwa, aikin rayuwar mutum guda, na kwashe ta a baro na kai juji. Baba ya daina fitowa bakin titi. Na je gaishe shi ranar Salla, yana kwance a zaure. Muna cikin hira sai ya ce, "Sule, mutumin nan mai buzu. Ko yana raye?"

'Yan kwanaki bayan ruwan farko mai ƙarfi, Hamadu ya zo da motonsa tun ban aika masa ba. Ya ji ina shirin tafiya neman Bappa Sali mai buzun nan, ya ce shi ya kashe, shi zai kai ni. Muka ɗauki hanyar Ngaundere, fartanyar Baba da gwangwanin toka a buhu. Gudun da ya yi, inuwarmu sai da ta biyo mu a mota daga baya. A Ngong muka yi ta tambaya har aka nuna mana wata 'yar hanya. Bappa Sali ya rasu da jimawa. Matarsa, Dada Asta, tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Ta kai mu gonar. A kusurwa, tsakiyar jar ƙasa, ga wani curi na ganye ya huda ƙasa, da kara ɗaya tak ɗauke da fure fari. Tun kafin mu ƙarasa hancina ya gaya mini.

Na ciro fartanya. Dada Asta ta taka ƙotar da ƙafa.

Hausarta kaɗan ce, Fillancina kuma na cinikin kasuwa ne, sai Hamadu ya shiga tsakani. Ta ce gadalin iyaka ba a tona shi. Ta ce tun da aka dasa shi ko kan dawa ɗaya ba a sace musu ba. Na ce, "Gaya mata in ta ba ni, zan zo da kaina in riƙa kwana a kusurwar, munsharina ya fi kowane gadali korar ɓarawo." Hamadu ya fassara. Ba ta yi ko murmushi ba. Ta ce ga shi ma tun rasuwar maigidan ƙarfin abin yana raguwa. Da, fure ne ke rufe kusurwar, ana hango shi daga hanya. Yanzu sai ɗaya, wata shekarar babu. Saura kaɗan ya bi mai shi, mu kuma mun zo ƙarasa shi.

Na tsuguna na share ƙasar saman da hannu, na nuna mata wuyoyin albasar a cunkushe, wannan na hawa kan wannan.

"Dada, ba mutuwa take ba. 'Ya'ya ne suka yi mata yawa. Dubi, manya-manya, duk suna tsotsonta. Ba a taɓa yaye ko ɗaya ba."

Hamadu ya faɗa mata. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wani abu a taƙaice.

"Me ta ce?"

"Ta ce wadda ba ta yaye ba, ba ta sake haihuwa. Ta ce wannan ko akuya ta sani."

Amma ta kafa sharaɗi. Uwar ba za ta motsa ko da faɗin yatsa ba, don ita ce iyaka. Kuma ba za a taɓa ƙasar ba sai mai gonar maƙwabta yana tsaye. Aka aika aka kira shi, wani dattijo ɗan ƙabilar Tupuri mai suna Taiwe, ya zo da sandarsa yana harararmu. Da ya ji bayani ya kafa sandar a jikin uwar, ya riƙe da hannu biyu, ya ce in ta gusa zai sani. Haka na yi yayen, ina kwance rub da ciki, sandar Taiwe a gefen kunnena, Dada Asta na tsaye a kaina, Hamadu na riƙe da toka. Ban taɓa aiki da 'yan kallo masu tsanani irin waɗannan ba. Na cire 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da ƙasa. Taiwe ya zare sandarsa ya duba ramin, ya ce ba ta gusa ba. Sannan ya yi gyaran murya ya ce ai shi ma gonarsa tana da wasu kusurwoyin. Na ba shi nasa. Dada Asta ta karɓi wuƙata ta yanke furen nan ɗaya tak da hannunta, ta naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce a kai wa tsohon. Na yi mata godiya da Fillanci, na ce, "Useko, Dada." Ta ce in daina surutu rana na yi.

A dawowa Hamadu tafiyar hawainiya ya yi, har masu keke na wuce mu.

Muka sami Baba a zaure. Na sa masa karan a hannu. Ya shafa furen da yatsu, ya kai hanci, ya ja numfashi. Ya sake shaƙa.

"Ita ce," in ji shi. Ya miƙo ɗaya hannun. "'Ya'yan fa?"

Na zuba masa su a cinya. Ya matsa gindin kowacce da babban yatsa.

"Tauri kamar dutse. Ka gani, Sule? Shekara nawa ba wanda ya tausaya mata." Ya juya wajen da ya ji motsin Hamadu. "Kai mai buta, matso. Ɗauki tukunyar can ka ɗaga, ka gaya mini ko tana jin ƙishi."

'Yar da aka yaye ba ta fure a shekarar farko, wani lokaci har ta biyu. Baba bai kai ba. Ya rasu da kakar wannan shekarar, Allah ya jiƙansa. Sai da damina biyu suka wuce sannan Farar Banyo ta buɗe a lambun nan. Na yanke karan farko na aika wa Dada Asta, ɗan aiken ya dawo ya ce kusurwarta ta cika da fari har ana hangowa daga hanya. Tun daga nan na sauya abu ɗaya daga tsarin Baba: duk shekara in na yi yaye, sai na kai wasu ƙauye, wurin mutanen da ruwa ke musu wuya. 'Yan moto kuwa na gina musu wurin alwala da siminti, na ja kwatar zuwa gindin ayaba, ita da ba ta san azumi ba.

To, samari, ga sana'ar. In har yanzu kuna so, ku zo da rani, ba da damina ba. Zan ba ku arozuwar cike da ruwa in tsayar da ku a gaban rumfar zana, rana na dukan ƙeyarku, tukwane a bushe suna kallonku. Wanda ya iya mayar da ita a cike, shi zan koya wa sauran.

Kuma kada ku ce za ku zuba a ɓoye. Ko shekaranjiya wani baƙo ya sauka daga mota zai yi salla, ya gama alwala, ya ga tukwanen, ya nufe su da sauran ruwan butarsa. Ina can gaba ina ciniki, ban ma gani ba. Sai dai na ji muryar Hamadu daga gindin dalbejiya, har tsuntsaye suka tashi:

"Kai, malam! Ajiye butar nan! Azumi take!"